An ce in cike gurbin takardar magani kafin masu bincike su zo

Maman Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah masu aikin kula da mutane a nan Ingila ku ba ni shawara, kaina ya kulle. Ina aiki a irin gidajen nan da masu larurar fahimta suke haya da kansu, mu kuma mu je mu taimaka musu da wanka, girki, magani da fita unguwa. Mutum uku ne a gidan, kowa da ɗakinsa. Ɗaya yana shan maganin farfaɗiya safe da dare. Jiya da na karɓi aiki sai na tarar da gurbi huɗu a takardar maganinsa ta makon jiya, duk na dare, ba wanda ya sa hannu. Na kira manaja na faɗa mata. Ta ce ai tabbas an ba shi, mantuwa ce kawai, in sa haruffan sunana a wurin tunda ana raɗe-raɗin CQC, hukumar da ke binciken wuraren kula da mutane, na tafe. Ni kuwa a ranakun nan ko ƙofar gidan ban taka ba. Na ce mata to, amma har yanzu ban sa ba. Kuma kamfanin nan su suka ɗauki nauyin bizata. Ya zan yi?

Anti Nas:
Wa alaikumussalam ƙanwata. Kada ki sa. Ko da kuka ta roƙe ki, kada ki sa. Sa hannu a wannan takarda shaida ce cewa kin ga ƙwayar ta shiga bakinsa da idonki. Jadawalin aiki yana nan, manhajar da kike latsa shiga da fita tana nan, duk za su nuna ba kya gidan. Ranar da abu ya ɓaci ba manaja za a fara tambaya ba, mai haruffan da ke kan takarda za a kira.

Amma ki bar zancen takarda tukuna, mutumin ne a gaba. Maganin farfaɗiya ba farasitamol ba ne. Yau ɗin nan ki ƙirga ƙwayoyin da suka rage a kwali, ki gwada da adadin da aka karɓo daga kemis da ranar da aka fara. In lissafi ya yi daidai, an ba shi, ba a rubuta ba ne. In akwai rara, bai sha ba, sai a kira kemis ɗin da ya haɗa maganin ko likitansa, in dare ne ko ƙarshen mako a kira 111, layin neman shawarar lafiya. Kada wani ya ce a ninka masa don a rama. Daga nan ki cike takardar rahoton abin da ya faru, ki tura wa manaja ta imel, ba ta waya ba.

Ɗan Fagge:
Anti Nas kenan. Ke da kika samu takardar zama tun zamanin Tony Blair ai dole ki yi magana da ƙarfin gwiwa. Baiwar Allah nan bizarta na hannun mutanen. Su rage mata awanni, su ce babu aiki, shi kenan. In suka janye ɗaukar nauyi kwana 60 ake ba mutum ya nemi wani kamfani ko ya tattara. Ni ban ce ta sa hannu ba, amma a daina yi kamar abin mai sauƙi ne.

Anti Nas:
Ban ce da sauƙi ba, ƙanena. Cewa na yi ɗaya hanyar ta fi muni. Wanda aka kama da ƙirƙirar bayanan magani korarsa ake yi, kuma ana iya miƙa sunansa ga DBS, masu tantance ma'aikata. In suka sa ka a jerin waɗanda aka hana aiki da manya masu rauni, ba kamfanin da zai sake ɗaukarka a wannan fanni. Wace bizar ta rage a nan?

Bazazzagiya:
Yaya Maman Sadiq, turo mana hoton takardar mu gani mana, sai mu fi gane yadda gurbin yake.

Shugaban Zaure:
A'a, don Allah. Kada kowa ya turo hoton takardar magani, ko fuskar wanda ake kula da shi, ko sunan gida, ko sunan kamfani. Sirrin mutum ne, kuma a kan wannan kaɗai an kori mutane. Duk wanda ya turo zan goge.

Bazazzagiya:
To Malam, an ji.

Baban Yusra:
Bari in sa baki a matsayin wanda ke zama a ɗaya gefen teburin, don ni mataimakin manaja ne a irin wannan aiki. Abin da manajar nan ta nema wauta ce, ko don amfanin kanta. Mai bincike ba ya tsammanin ya ga takarda tas babu kuskure. Gida mai mutum uku, kowa da magani kala uku ko huɗu, wata shida ba kuskure ko ɗaya? Shi kansa wannan abin tuhuma ne. Abin da suke nema shi ne, da aka yi kuskuren wa ya gano, yaushe, an kira likita, an faɗa wa iyali, me aka canza. Gurbi huɗu da rahoto a bayansu abu ne da za a iya karewa. Gurbi huɗu da aka cike da biro ɗaya, hannu ɗaya, rana ɗaya, wannan kuma ramin ƙarya ƙurarre ne.

Tambayoyi biyar CQC ke yi wa kowane wuri: shin mutane na cikin aminci, shin kulawar tana yin amfani, shin ana yi da tausayi da mutunci, shin tana biyan buƙatar kowa yadda yake, shin shugabancin na da kyau. Maki kuma hawa huɗu ne, daga wanda ya yi fice, sai mai kyau, sai mai buƙatar gyara, sai wanda ya gaza. Gurbin magani yana taɓa tambaya ta farko. Ɓoye shi yana taɓa ta biyar, kuma ita ce ke rusa kamfani. Akwai ma ƙa'ida ta 20 a cikin dokokin 2014 da ta wajabta wa kamfani faɗin gaskiya ga mutum da iyalinsa idan wani abu ya lalace a kulawarsa.

Ɗan Fagge:
Baban Yusra, CQC ɗin da kake ta ambato kamar Walakiri, yaushe rabon da su zo wurinku? Faɗi tsakaninka da Allah. A 2024 gwamnati da kanta ta sa Dakta Penny Dash ta binciki hukumar, aka gano kusan ɗaya cikin biyar na wuraren da take da ikon dubawa ba a taɓa ba su maki ba, wasu kuma makin da ke maƙale a bangonsu na shekaru da yawa baya ne. Ministan lafiya na lokacin, Wes Streeting, ya fito ya ce hukumar ba ta iya aikin da aka kafa ta dominsa. Ba ni na faɗa ba.

Kuma ko sun zo. Whorlton Hall da ke yankin Durham, wanda BBC ta shiga da ɓoyayyar kyamara a 2019 ta nuno yadda ma'aikata ke tsokana da azabtar da masu larura, wane maki yake ɗauke da shi kafin nan? Mai kyau. Winterbourne View kusa da Biristol a 2011, wani babban nas ya kai ƙara wurin CQC ba su yi komai ba, sai da ya je wurin 'yan jarida. Mutum 11 aka samu da laifi, shida suka tafi gidan yari. To ina amfanin makin?

Baban Yusra:
Duk abin da ka lissafa gaskiya ne, ba zan musa ba. Rabonsu da mu ya daɗe. Sai dai ka lura waɗannan biyun asibitoci ne na kulle, mutum na can nesa da danginsa, ƙofa a rufe, ba mai shiga sai ma'aikaci. Abin da ya faru a Winterbourne na cikin dalilan da suka sa aka matsa a fito da mutane su zauna cikin gari a gidajensu. Kuma misalinka ni yake goyon baya: a duka biyun ba mai bincike ya tona ba, a Winterbourne ma wani ne daga ciki ya ƙi yin shiru.

Anti Nas:
Akwai abin da sababbi da yawa ba su sani ba game da irin gidan da Maman Sadiq ke aiki. Ba gidan kula da tsofaffi ba ne da kamfani ke da gini da gado da komai. A nan mutum ɗan haya ne, da yarjejeniyar haya da sunansa, mai gida daban, kamfanin kula daban. CQC ba ta yi wa ginin rajista ba, ofishin kamfanin da aikin kula da jiki ta yi wa. Mai bincike zai je ofis ya zauna da fayil-fayil, in zai shiga gidan sai mazauna sun yarda. In ma taimakon da ake ba mutum bai haɗa da wanka, sa tufafi, bayan gida da makamantansu ba, sayayya ce kawai da biyan kuɗin wuta, to wannan ba ya ƙarƙashin CQC sam. Don haka idon da ke cikin gidan ƙarfe goma na dare naki ne, ba na wata hukuma ba.

Hajiya Maman Abba:
Salamu alaikum. Na daɗe ina karatu a zauren nan ban cika magana ba, amma yau dole in yi. Ni ba ma'aikaciya ba ce, uwa ce. Ɗana yana da otizim, ya haura shekara ashirin, yana zaune a irin gidan nan. Ba ya magana sosai. In an tsallake maganinsa ba zai iya faɗa mini ba, sai dai in ga ya canza.

Maman Sadiq, 'yata, Allah ya yi miki albarka da kika tsaya kika yi tambaya. Wanda kike magana a kansa ɗan wata ne.

Ku masu aikin, bari in faɗa muku abin da nake dubawa in na je, don ni ba na karanta rahoton kowa. Ina duba ko ma'aikaci ya ƙwanƙwasa ƙofar ɗakinsa kafin ya shiga. Ina buɗe firij in ga kwanan watan madara. Ina duba farcen ƙafarsa, don nan ne wurin da malalaci ba ya kaiwa. Ina duba talabijin, tashar da yake so ce a kunne ko ƙwallon da ma'aikaci ke so. Akwai lokacin da na je na tarar an mayar da kusurwar falonsa ofis, an manna jadawalin aiki da sanarwar ma'aikata a bango, har da kujerar da ba a yarda ya zauna a kai ba. A gidan da ake biyan haya da sunansa. Na sa aka cire.

Abin da ya fi ci mini rai kuma, ku yi haƙuri, namu ne. Na taɓa shiga na tarar da 'yan ƙasarmu biyu suna ta hira da yarensu a kansa, ɗaya na ba shi abinci ido na kan waya, ba wanda ya ce masa uffan. Ba su zage shi ba, ba su dake shi ba, ba abin da zan rubuta a takardar ƙorafi. Amma na koma gida ban iya cin abinci ba.

Bazazzagiya:
Hajiya wallahi kin taɓa ni. Muna yi, ba ƙarya. In ka haɗu da ɗan gida a shif sai baki ya buɗe ka manta da mai gidan.

Ɗan Fagge:
Hajiya, Allah ya ƙara wa Abba lafiya. Ba na kare wanda ya yi haka. Amma a ji ta bakinmu mu ma. Ni gida-gida nake yi, tsofaffi. A rana sai a rubuta mini ziyara goma sha wani abu. Wannan ta ƙare ƙarfe 8:30, ta gaba ta fara 8:30 a wata unguwa, kamar ina da fiffike. Minti 30 aka ware: ka buɗe akwatin makulli, ka tashe ta, bayan gida, wanka, sa kaya, shayi da burodi, magani, ka rubuta a manhaja. Tsohuwa mai shekara tamanin da wani abu wadda kafin ta sauko da ƙafa daga gado minti biyar ta wuce. Hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin lafiya da kulawa ta faɗa tun 2015 cewa ziyarar da ta gaza rabin awa ba ta dace ba sai da wasu sharuɗɗa, amma wanda ke tsara jadawali bai taɓa cire wa kowa safa ba. Inganci kuɗi ne. Kansil, wato ƙaramar hukuma, na sayen kulawa da awa a farashi mai arha, kamfani ya matse mu, mu kuma mu matse tsohuwa.

Baban Yusra:
A nan kam muna tare. Ka dai riƙa rubuta lokacin tafiya tsakanin gida da gida, don a doka lokacin aiki ne wajen lissafin mafi ƙarancin albashi. A Afrilun 2025 an sa shi fam 12.21 a awa ga mai shekara 21 zuwa sama. Ka haɗa awannin ziyara da na hanya ka raba da abin da aka biya ka, in ya faɗo ƙasa da mafi ƙarancin albashi akwai magana.

Tambaya ɗaya, ziyarar da ke buƙatar injin ɗaga mutum, ku biyu kuke zuwa?

Ɗan Fagge:
A takarda mu biyu ne.

Baban Yusra:
To ka gane abin da nake nufi. In tsarin kulawarta ya ce mutum biyu, abokin aikinka bai zo ba, kada ka ɗaga. Ka kira ofis, ka rubuta lokacin da ka kira da wanda ya ɗauka. Kuma ka riƙa duba 'yar takardar da ke manne a jikin injin, duk wata shida ake gwada na'urar ɗaga mutum, majanyin ma haka. Tsohuwa ta zame daga majanyi ƙugu ya karye, ba za ka so ka ga yadda ofis zai manta ya san ka ba.

Kawun Yara:
Tunda an buɗe babin, ni ma ga tawa. A gidanmu akwai mai ciwon suga, babba ne, ya kusa hamsin. Da dare sai ya sauko ya shanye lemon kwalba ya cinye biskit. Muka sa kwaɗo a ƙofar kicin daga ƙarfe tara. Wata sabuwar ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ta zo ta tayar da hankali wai mun tauye haƙƙi. Don Allah wane haƙƙi? Haƙƙin ya kashe kansa? Da ƙanena ne a Gombe haka zan yi masa, kuma kowa zai ce na kyauta.

Anti Nas:
Kawu, niyyarka mai kyau ce, amma matar nan ta fi ka gaskiya. Dokar 2005 kan ikon yanke shawara ta fara ne da cewa a ɗauka kowane baligi yana da hankalin yanke wa kansa hukunci har sai an tabbatar ba shi da shi. Kuma ta faɗa ƙarara cewa don mutum ya zaɓi abin da ba shi da kyau, wannan ba hujja ba ce ta cewa ba shi da hankalin zaɓa. Mu nawa a zauren nan likita ya hana mu maiƙo da zaƙi, ran Sallah muka yi kamar ba mu ji ba? Wa ya sa mana kwaɗo?

Abin da ake yi shi ne a auna shi a kan wannan magana ɗaya, ba a kan rayuwarsa duka ba. Ya fahimci abin da suga ke yi masa? Zai iya riƙe bayanin? Zai iya auna amfani da illa? Zai iya faɗin abin da ya zaɓa? In zai iya, sai dai nasiha da dabara: a je kasuwa tare a sayo marar suga, a gyara abincin dare don kada ya kwana da yunwa, a sa nas ɗin suga ta zauna da shi. In ba zai iya ba, sai a zauna da iyali da likita da kansil a yanke abin da ya fi masa, kuma a zaɓi hanyar da ta fi sauƙin takura. Ba ma'aikatan dare ne za su yanke da kansu su je shago su sayo kwaɗo ba.

Sannan sauran mazauna gidan fa? Su me suka yi da ba za su sha shayi ƙarfe goma a gidansu ba?

Kawun Yara:
To in ya faɗi suga ya hau, wa za a kama? Ba mu ba?

Baban Yusra:
In akwai takardar auna fahimtarsa, da tsarin rage haɗari, da shaidar an yi masa bayani an sanar da likita, ba wanda zai kama ka. Kwaɗon da ba shi da takarda shi ne abin kamawa. Kuma ku kula, izinin tsare mutum da gidajen tsofaffi da asibitoci ke nema daga kansil ba ya aiki a gidan haya irin naku. In takurar ta kai ga hana mutum 'yancinsa, sai an je Kotun Kariya, mai duba al'amuran waɗanda ba sa iya yanke wa kansu shawara.

Kawun Yara:
Ni dai ban gamsu ba. Takarda ba ta sauke suga. Kuna zaune a ofis kuna rubutu, ni nake ganin ƙafarsa tana kumbura.

Hajiya Maman Abba:
Kawun Yara, ni uwa ce kuma zuciyata tana wajenka rabi. Akwai abubuwan da aka ce Abba yana da 'yancin yi waɗanda ni da a hannuna yake ba zai yi ba. Amma na ga ɗaya gefen. Kwaɗo ɗaya ne ke jawo na biyu. Yau kicin, gobe rimot, jibi an ce ba zai fita ba don ma'aikaci ɗaya ne a gida. Kowanne da dalilinsa mai kyau. Kumburin ƙafar nan kuwa, ka kai maganarsa wurin likita gobe, kada ka jira a gama gardamar kwaɗo.

Bazazzagiya:
A tuna fa duk wannan na Ingila ne. Mu nan Gilasgo ba CQC ba ce, Care Inspectorate ke duba mu, dokar rashin ikon yanke shawara ma tamu daban ce, ta 2000. Kuma dole ma'aikaci ya yi rajista da sunansa a SSSC, hukumar rajistar ma'aikatan kula ta nan Scotland. Kada wani ya kwashi shawarar nan ya kai inda ba ta aiki.

Maman Sadiq:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na ƙirga tare da abokiyar aikina, muka sa hannu mu biyu. Rarar dare biyu muka samu. Ke nan biyu an ba shi ba a rubuta ba, biyu bai sha ba sam. Na kira kemis, suka ce a ci gaba yadda aka saba kada a ƙara, a sa masa ido, a sanar da likitansa. Na rubuta rahoto na tura ta imel. Da na duba jadawali, duk daren huɗun ma'aikacin haya ne daga wani kamfani ya kwana, kuma abokiyar aikina ta ce ba wanda ya taɓa gwada shi a kan ba da magani. Manaja ta amsa da kalma biyu kawai. Da safe ta zo ko gaisuwata da ƙyar ta amsa.

Anti Nas:
Madalla. Fushinta ba zai kashe ki ba. Yanzu abu biyu. Na farko, mai farfaɗiyar da ya tsallake magani, a kula da wankansa. Ki duba abin da tsarinsa ya ce game da baho. Connor Sparrowhawk ɗan shekara 18 ne, a 2013 farfaɗiya ta kama shi a cikin baho a wani sashen hukumar lafiya ta gwamnati, NHS, a Oxford ya nutse, kuma binciken kotu ya ce sakaci na cikin abin da ya jawo. Na biyu, ki ga ko an sanar da iyalinsa da sashen kare manya masu rauni na kansil. In kwana biyu suka wuce shiru, ke ma kina da ikon kiran kansil ɗin kai tsaye, sashe na 42 na Dokar Kula ta 2014 ya ɗora musu bincike in ana zargin sakaci. CQC ma tana karɓar rahoton ma'aikaci ba tare da ya faɗi sunansa ba.

Ɗan Fagge:
Ba suna, a gida mai ma'aikata shida, bayan ita ce ta tura imel jiya. Ko yaro ya san wace ce.

Baban Yusra:
Za su sani, shi ya sa ake shiri. Dokar 1998 ta masu fallasa ɓarna ta hana a kore ka ko a muzguna maka don ka kai rahoto irin wannan, kuma ba sai ka shekara biyu a aiki ba. Gaskiyar Ɗan Fagge ita ce dokar ba ta riƙe maka biza, shari'a kuma tana ɗaukar lokaci. Don haka Maman Sadiq, ki adana kwafin jadawalinki na watannin baya, in awanni suka fara raguwa daga wannan mako kina da abin nunawa. Ki shiga ƙungiyar ƙwadago, UNISON ko GMB, yau ba gobe ba, don ba su cika karɓar matsalar da ta riga shigarka ba. Akwai ƙungiyar Protect da ke ba masu fallasa shawara kyauta. Kuma ki fara leƙa wasu kamfanonin a hankali. Tsakanin Yulin 2022 da Disambar 2024 an soke lasisin ɗaukar nauyi na kamfanonin kula sama da 470, ma'aikata sama da 39,000 abin ya shafa. Kamfanin da ke cike takardar magani da ƙarya, ba mamaki sauran takardunsa ma haka suke, ko kin yi shiru ba lallai ya daɗe ba.

Ɗan Marna:
Salam 'yan uwa, ni ina Katsina ne, wani ya sa ni a zauren. Akwai ejan da ya ce zai samo mini aikin nan in na biya rabi yanzu. Wannan kamfanin naku suna ɗauka?

Shugaban Zaure:
Ɗan'uwa riƙe kuɗinka. Tun 22 ga Yulin 2025 aka rufe ɗauko masu aikin kula daga ƙasashen waje. Duk wanda ya ce zai kawo ka ta wannan hanya yanzu, damfara ce.

Hajiya Maman Abba:
Baban Yusra, tunda kai manaja ne in tambaye ka. Ma'aikacin haya da aka turo ya kwana da mai farfaɗiya ba a gwada shi ba, laifin wa? Don ni abin da ke hana ni barci ke nan. Na san masu rana da sunansu, na san 'ya'yansu. Na dare kuwa kowane mako sabuwar fuska.

Baban Yusra:
Laifin wanda ya tsara jadawali ne, Hajiya, wato irina. Kafin mutum ya taɓa magani sai ya yi horo, sannan wani babba ya tsaya a kansa ya ga yana yi daidai ya sa hannu. In za a kawo na haya, a tambayi kamfaninsa shaidar horonsa, a nuna masa tsarin kowane mazauni, musamman wanda ke da farfaɗiya da wanda ke shaƙewa da abinci. Tun Yulin 2022 ma doka ta wajabta horar da ma'aikata kan larurar fahimta da otizim, horon da ake kira da sunan Oliver McGowan, yaron da ya rasu a 2016 bayan an ba shi maganin da shi da iyayensa suka ce kada a ba shi. Amma ƙarfe shida na yamma mai dare ya kira ya ce ba shi da lafiya, kana da awa uku ka samo wani, a nan ake yanke kwana. Ba na kare shi, ina faɗa miki yadda yake faruwa ne.

Kina da damar tambaya a taron bitar tsarinsa: mutum nawa suka kwana a gidan wata ukun da suka wuce, nawa ne na haya, wa ya gwada su a kan magani. In ba su amsa ba ki rubuta ƙorafi, in ba ki gamsu ba ki wuce wurin Ombudsman, mai sauraron ƙorafi kan ƙananan hukumomi da kula da jama'a.

Ɗan Fagge:
Ku kuma tambayi nawa ake biyan mai kwanan. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2021 a shari'ar ƙungiyar agaji ta Mencap, wanda aka ba shi gado ya kwana ba dole a biya shi mafi ƙarancin albashi ba sai na lokacin da ya farka yana aiki. Wa zai daɗe a wannan? Shi ya sa fuska ke canzawa, Hajiya.

Kawun Yara:
Anti Nas, wannan auna fahimtar da kika ce, wa ke yi? Mu ne ko sai ma'aikaciyar kansil? Don an sa taro ranar Alhamis kuma ba na so in je in zauna kamar gunki.

Anti Nas:
Na abin yau da kullum ku ma kuna iya yi ku rubuta, amma tunda wannan ya haɗa da lafiya da kulle ƙofa, ka bar ta ta jagoranta, nas ɗin suga ta kasance a wurin. Kai ka je da littafin dare: ranakun da ya sauko, ƙarfe nawa, me ya ci da yamma, awon sugansa na safe. Ka nemi a zo da shi taron, a yi masa bayani da hotuna in haka ya fi ganewa. Kafin Alhamis kuma ka tambayi manajanku a rubuce ko kwaɗon zai zauna ko za a cire, kada ka yanke kai kaɗai.